Karatun Aikin Jin Daɗin Jama'a a Jami'a: Inda Bangaskiyar Kirista da Ƙa'idar Aiki Suke Haɗuwa, da Inda Suke Gogayya

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, a ikilisiyoyin Wusasa da Sabon Gari da Samaru ba a rasa yarinyar da wata uwa a zumuntar mata za ta ce wa, "'Yata, da tausayin nan naki, ai aikin jin daɗin jama'a ya kamata ki karanta." Ba a kuma rasa uban da zai riƙe baki ya ce, "Taimakon mutane ma sai an yi shekara huɗu a jami'a? Ba shi muke yi da baikonmu kowace Lahadi ba?"

Tambayar uban tana kan hanya, amsarta kuwa ita ce sai an yi. Tausayi shi ne jarin farko, amma tausayin da ba a horar ba yana ɓarna, kuma a kan marar ƙarfi ɓarnar take sauka. Mai kyakkyawar niyya ne yake lallashin matar da aka fasa wa kai ta koma ɗakinta a daren, bai tambayi sau nawa aka yi haka ba. Mai kyakkyawar niyya ne yake ɗauke maraya daga hannun kakarsa ya kai shi gidan marayu don can akwai katifa. Shi ne kuma yake ce wa mai farfaɗiya ya ajiye magani ya shiga azumin kwana uku. Abin da jami'a ke yi, in an dace da malamai, shi ne ta koya wa mai wannan zuciya tambaya kafin aiki, rubutu bayan aiki, da sanin inda iyawarsa ta tsaya.

Ɗalibi Kirista ba baƙo ba ne a wannan fanni, domin a harabar coci aka yi renon fannin. A birnin Gilasgo, daga 1819, Fasto Thomas Chalmers ya raba unguwar ikilisiyarsa gunduma-gunduma, ya ɗora dikin a kan kowace, ya ce kafin a taɓa asusun coci a fara zuwa gidan mabukaci, a ga abin da danginsa da maƙwabtansa za su iya ɗauka. A 1884 wani limamin Anglika, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta suka buɗe Toynbee Hall a Landan, inda 'yan jami'a suke tarewa cikin talakawa maimakon aika musu da sadaka daga nesa. Jane Addams ta ga wannan, ta koma Shikago ta buɗe Hull House a 1889. A Najeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga aikin a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda yaran da ke kwana a titi, har aka yi dokar yara da matasa ta 1943. Nan gida kuwa, Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Anglika, CMS, ya zauna a birnin Zariya tun 1905 da magani da makaranta, kafin mishan ya koma Wusasa inda asibitin St. Luke yake har yau. Kada kuma a manta cewa ƙasar Zazzau tana da nata tsarin tun kafin zuwan Bature: zakka, riƙon marayu a cikin dangi, gayya, da mai unguwa da ke sasanta gida da gida. Wanda ya raina waɗannan zai yi aiki shi kaɗai.

Amma tushen da ya fi kowanne dacewa da wannan karatu yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima tana rabon abinci kullum, niyyar kowa mai kyau ce, duk da haka sai ga gunaguni: ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce a ƙara ƙauna kawai ba. Sun ware mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, waɗanda aka shaida halinsu da hikimarsu, suka danƙa musu aikin. Ke nan an gane tun farko cewa rabon taimako yana bukatar tsari da mutanen da suka dace, in ba haka ba wanda ba shi da ɗan uwa a wurin rabo shi ne zai kwana da yunwa.

Shiga da abin da ake karantawa

Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. A JAMB, bayan Turanci, darussa ukun yawanci daga ɓangaren zamantakewa da adabi suke fitowa, irin su Gwamnati da Tattalin Arziki, amma haɗin yana bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a biya kuɗin fom. Shekara huɗu ne ga mai shiga ta JAMB, uku ga mai shiga aji biyu kai tsaye da difloma. Jami'o'in Nsukka da Benin da Ilorin da Kalaba da Jami'ar Tarayya da ke garin Lafiya suna da sashen wannan fanni. Wanda ba zai iya nisa da gida ba yana da wasu hanyoyi biyu: ya karanci ilimin zamantakewar al'umma a ABU Samaru sannan ya ɗora digiri na biyu a aikin jin daɗin jama'a, ko ya fara da diflomar raya jama'a a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Tun da aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a 2022, takardar shaida ta ƙara muhimmanci, domin manufar dokar ita ce a yi wa masu aikin rajista kamar yadda ake yi wa ma'aikatan jinya.

Shekarar farko share fage ce: ilimin halayyar ɗan Adam, zamantakewa, tarihin fannin. Daga shekara ta biyu ake shiga hanyoyin aiki uku, wato aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya, aiki da ƙaramin rukuni, da aiki da unguwa ko ƙauye baki ɗaya. Sai ƙididdiga da dabarun bincike, inda waɗanda suka gudo daga Lissafi suke yin kiciɓis da shi. Sai doka, wadda muke ganin ɗalibai suna yi mata riƙon sakainar kashi alhali ita ce za su fi amfani da ita. Dole a san dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da ta Jihar Kaduna kan kare yara ta 2018, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. Dole a san cewa aure iri uku ne a ƙasar nan, na rajista da na gargajiya da na Musulunci, kuma kowanne da kotunsa da yadda ake raba gadonsa. Albarkar fasto kaɗai, in cocin ba shi da lasisin ɗaura aure kuma ba a bi ta rajista ba, ba ta mayar da aure ya zama na rajista. Gwauraye da yawa sai ranar da 'yan uwan miji suka zo kwashe kaya suke jin wannan.

A aji za a karanta masana irin su Freud da Marx da wasu da ba su ɗauki addini da daraja ba. Wasu ɗalibai sukan firgita, wasu su toshe kunne su haddace don jarrabawa kawai. Duka biyun asara ce. Ba sai ka yarda da abin da mutum ya ce game da Allah ba kafin ka amfana da abin da ya lura game da yadda talauci ko ƙuruciya mai wahala ke sassaƙa halin mutum.

Fita fili

Zuciyar karatun ita ce makonnin da ake tura ɗalibi wurin aiki ƙarƙashin ƙwararre. Ɗan Zariya yana iya samun kansa a sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin koyarwa da ke Shika, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ko ina ne, matakan ɗaya ne. A karɓi mutum a gaya masa ko kai wane ne da abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. A binciki halinsa: wa yake ci da shi, su wa ke kwana a gidan, wace cuta, wane bashi, wa ya taɓa taimaka masa, me shi kansa ya iya. A zana taswirar dangi har kakanni, domin a nan ake gano gwaggon da za ta iya riƙon yaro. A tsara abin da za a yi tare da shi, manufa biyu ko uku masu ranar cikawa. A aiwatar, a koma a duba, sannan a rufe fayil a sanar da shi an rufe.

Zaman tattaunawa kada ya wuce awa ɗaya, kuma a rubuta rahoto a ranar, a raba abin da ido ya gani da abin da aka ji da abin da ake zato. "Akwai shatar bulala uku a bayan yaron" shaida ce da za ta tsaya a kotu. "Uwar riƙonsa muguwa ce" ra'ayi ne, kuma lauya zai yi watsi da shi cikin minti ɗaya.

Kurakuran sabon shiga sanannu ne. Yana ba da kuɗi daga aljihunsa, gobe mutum goma su zo, jibi ya fara ɓuya. Yana yin alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Yana cika ɗaki da nasiha don shiru yana ba shi tsoro, alhali a cikin shirun nan ne mai magana yake tattara ƙarfin faɗin abin da ya kawo shi.

Mafi yawan gidajen da za a shiga a Zariya na Musulmi ne, kuma ɗan Wusasa da ya tashi da Hausa yana da sa'a a nan in ya kiyaye ladabi. A fara da mai unguwa. Namiji ya tsaya a zaure ya yi sallama, kada ya wuce ciki, in maganar ta matan gida ce a tafi da ma'aikaciya. A guji lokacin sallar Juma'a da dab da shan ruwa a watan azumi. A san cewa a Musulunci ana riƙon yaro amma ba a sauya masa sunan uba, don haka kada a kawo maganar mayar da shi ɗa na doka kamar yadda ake yi a wani wuri.

Inda ake gogayya

A 1957 wani fada na Katolika, Felix Biestek, ya tsara ƙa'idoji bakwai na mu'amala da mai neman taimako, kuma har yau su ake koyarwa. Uku daga ciki su ne suke ba ɗalibi mai bi wahala.

Ta farko, kada a yanke wa mutum hukunci. Ɗalibai sukan ɗauka ana nufin su ce zunubi ba zunubi ba ne. Ba haka ba ne. Ana nufin ba aikinka ba ne ka auna laifin mutum kafin ka yanke ko ya cancanci taimako. Yarinya 'yar shekara goma sha shida da ta yi ciki tana bukatar awo, da wurin kwana, da hanyar komawa makaranta, da a bincika ko wani babba ne ya ci zarafinta. In ka fara da wa'azi ba za ta dawo ba, kuma wurin da za ta nufa bayanka ya fi haɗari. A Yahaya sura 9 almajirai sun ga makaho suka tambayi wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya kawar da tambayar ya buɗe masa ido.

Ta biyu, mutum ne zai zaɓa wa kansa. Nan batun dukan mata yake shigowa, kuma nan ne aka fi samun saɓani da dattawan ikilisiya, waɗanda za su karanto maka cewa abin da Allah ya gama kada mutum ya raba. Ma'aikaci ba ya ce wa mace ta fita, ba ya kuma ce mata ta zauna. Yana auna haɗari: dukan yana ƙaruwa ne, an taɓa shaƙe mata wuya, an taɓa zaro wuƙa, an taɓa cewa za a kashe ta? Shaƙe wuya musamman babbar alama ce cewa rai yana cikin haɗari. Sai a tsara hanyar tsira tare da ita: gidan da za ta buga wa ƙofa da tsakar dare, lambar waya ɗaya da ta haddace, takardun haihuwar yara da ɗan kuɗi a hannun wadda ta amince da ita. Ba a haɗa ta da mijin a zama ɗaya tun farko, domin ba za ta iya faɗin gaskiya a gabansa ba, in kuma ta faɗa za ta biya a gida. Lokacin da mace take shirin fita shi ne mafi haɗari, don haka ba a yayata shirin. Wanda ya san Littafi zai iya nuna wa dattawa cikin ladabi cewa nisanta mace daga duka ba kashe aure ba ne, kuma wanda ya ɗaga hannu shi ya fara karya alkawari. Yesu da kansa, da yake ganin Bartimawas makaho ne, sai da ya tambaye shi me yake so a yi masa.

Ta uku ita ce riƙe sirri, kuma a nan masu bi suna da rami na musamman mai suna batun addu'a. Ɗaliba ta ga abin da ya girgiza ta a wurin aiki, ta kai wa 'yan uwa a taron FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, don a tayar da murya ga Ubangiji. Ko ba ta faɗi suna ba, in ta ce matar wani tela ce a unguwa kaza mai 'ya'ya huɗu, ta gama faɗa. Zariya ƙaramar duniya ce. A yi addu'a ba tare da bayani ba, Allah ya san mai ita. Sirri yana da iyaka a wuri uku: in ran mutumin ko na wani yana cikin haɗari, in ana cin zarafin yaro, ko in kotu ta nema. Ana gaya wa mutum waɗannan tun a zaman farko, ba bayan ya gama buɗe cikinsa ba. Kuma in wanda aka kawo ɗan cocinku ne, a miƙa fayil ɗinsa ga abokin aiki, don kada ya riƙa sunkuyar da kai duk Lahadi in kun haɗa ido.

Sai tambayar da kowane ɗalibi mai himma yake yi: zan iya yin bishara ga wanda nake taimako? Matsayinmu a fili yake. Wanda ya zo da yunwa ko da yaro marar lafiya ba ya da ikon ce maka a'a, don yana tsoron rasa taimakon. Duk amin ɗin da ya ce a wannan hali na dole ne, kuma bangaskiyar da aka saya da buhun masara ba ta girmama Almasihu. A gari irin Zariya, inda zaman tare yake bukatar lallaɓawa, zargi ɗaya cewa ana sauya wa yara addini da sunan taimako ya isa ya rufe aikin shekara goma, ya kuma jefa wasu cikin haɗari. In mai neman taimako Kirista ne kuma shi ya roƙi a yi addu'a tare, a yi gajeriya, sannan a ci gaba da aikin. In Musulmi ne yana neman ƙarfafawa ta addini, a tambaye shi malamin da ya amince da shi. "Allah ya kawo sauƙi" kuwa kowa yana faɗa, kowa yana amsawa. Wurin aikin bangaskiya shi ne cikin ma'aikacin kansa: ita take hana shi taɓa kuɗin marayu, ita take sa ya gaishe da kuturu da hannu, ita take mayar da shi gidan da aka kore shi jiya.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, amma akwai agogon da ba ya jira. Wadda aka yi wa fyaɗe tana bukatar maganin riga-kafin cutar ƙanjamau cikin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gara ta isa asibiti kafin ta yi wanka ko a wanke tufafin, saboda shaida. A Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba don wannan. Iyalin da suka kwana uku suna taron sulhu a gidan fasto ko na mai unguwa sun cinye lokacin maganin. Mai jegon da ta fara surutai da rashin barci cikin mako biyu da haihuwa tana bukatar likita a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Mai farfaɗiya a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Mai tarin fuka zai ji sauƙi bayan 'yan makonni ya ce an warkar da shi, amma maganin na wata shida ne, kyauta ne, kuma yanke shi ne yake haifar da tarin da ba ya jin magani. Bin sawun irin wannan mutum har gida aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a ne.

Batun gidajen marayu ma yana bukatar a faɗi gaskiya, domin ikilisiyoyi suna son gina su. Mafi yawan yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba ko dangi a raye, talauci ne ya kai su. Yaro, musamman wanda bai kai shekara uku ba, yana bukatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi, abin da masu aikin karɓa-karɓa ba za su iya ba shi ba. Kuɗin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a gidan marayu, in aka ba kakarsa jari da kuɗin makaranta, aka kuma riƙa leƙa su duk wata, yakan yi nisa fiye da haka.

Bayan digiri

Ba sana'ar tara dukiya ba ce. A aikin gwamnati mai digiri yana farawa a matakin albashi na 8, ko a ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ta jiha, ko a asibiti, ko a gidan gyaran hali, ko a hukumomi irin su NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane da NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wani rahoton bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, don haka ɓangaren farfaɗo da masu shaye-shaye yana neman hannu. Ƙungiyoyin agaji sun fi biya, amma kwangilarsu ta shekara ɗaya ce ko biyu, kuma sun fi ɗaukar wanda ya iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, ya iya kwamfuta, ya kuma ji Hausa sosai. Gajiyar zuciya gaskiya ce a wannan aiki: rashin barci, saurin fushi a gida, jin cewa kowane mai kuka maƙaryaci ne. Maganinta zama da mai duba aiki aƙalla sau ɗaya a wata, da ranar hutu da ake kashe waya.

Ikilisiyoyin ECWA da Anglika da Katolika da Baptis da HEKAN na yankin nan suna da kwamitocin taimako, kuma lokaci ya yi da manya daga cikinsu za su ɗauki wanda ya karanci aikin, ko da coci uku ne za su haɗa albashinsa. In za a ɗauke shi, a ba shi ɗaki mai ƙofa inda ba a jin magana daga waje, da kabad mai makulli wanda ko fasto ba ya buɗewa sai da dalili, da kuɗin mota a cikin kasafin shekara don ziyarar gida da kai marasa lafiya Shika.